Gogen Cikin Salula

Shekarar da nake ajin ƙarshe na kolej, ƙaramar sakandare, a Dogon Dutsi, yayana mai karatu a Yamai ya bar mini tsohuwar salularsa, fuskarta a tsage, batirinta a ɗaure da roba. A katin da ke cikinta akwai wani fim na zane irin na ƴan Japan, kashi ashirin da wani abu, suna magana da yarensu, fassarar Faransanci tana bi a ƙasa. Abokaina suka kalli kashi ɗaya suka mayar mini da kayana. Ba a faɗa, ba mai tashi sama, ba wanda ya fasa dutse da hannu. Yara ne kawai a wata makarantar kiɗa, da wata yarinya mai kaɗa gogen Turawa, irin mai tsirkiya huɗu da ake tokarewa a haɓa, da wani yaro mai buga mata piyano, wanda ya kwashe kashi goma yana son ya gaya mata magana ɗaya ya kasa. Ni kuwa sau uku na kalle shi, don ni ma ina taɓa piyanon majami'armu ranar Lahadi, da yatsu uku, kuma ni ma akwai wadda na kasa gaya wa magana ɗaya.

Bencinta yana gaban nawa. Musulma ce, daga wani ƙauye can bayan Geceme, tana zaune gidan kawunta mai shagon kayan babur a bakin kwalta. A danginsu kaf ba macen da ta taɓa kaiwa ajin da take. Lissafi kuwa ba wanda ke kama ƙafarta, har mushe, wato malaminmu, yakan ba ta alli ya koma ya zauna. Burinta ta zama ungozoma ta gidan likita, kuma kawun ya gindaya mata sharaɗi tun farkon shekara: in ta ci birbe, jarrabawar da ake fita kolej da ita, zai riƙe ta har lise, babbar sakandare, in kuwa ta faɗi, ta koma ƙauye. Saura wata uku a zauna jarrabawar sa'ad da abin da zan faɗa ya fara.

Wata rana lokacin shan iska ta leƙo ta bayana ta ga abin da nake kallo. Ta ce, "Mi na na wanga? Ɗiyan roba suna kuka?" Na ba ta kunne ɗaya na ekutar, wayar sauraron nan da ake sawa a kunne, na riƙe ɗaya. Ta tsaya har aka buga ƙarfe. Da za mu shiga aji ta ce in tura mata a ƴar salularta.

Zan iya tura mata duka a zama ɗaya. Amma ni ba wawa ba ne, ko kuma haka na zaci kaina a lokacin. Na ce katinta ƙarami ne, ba zai ɗauki fiye da kashi ɗaya ba, sai ta goge wanda ta gani in ba ta na gaba. Ta dube ni, wannan yarinya da ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba, ta ce to. Haka muka riƙa yi duk Litinin da Alhamis a gindin bishiyar bedin da ke bayan aji, salula biyu a haɗe kai da kai, muna jiran layin nan mai nuna turawa ya cika, ni kuma ina addu'ar kada ya yi sauri. A nan take ba ni labarin abin da ta gani kamar ban san shi ba. Yaron piyanon yana ba ta haushi ƙwarai. Takan ce, "Shi wanga ba shi da baki na? Ya hwaɗi mata mana, mu huta." Sai in ce wataƙila tsoro yake ji. Sai ta ce, "Tsoron mi? Cizo takai?" Ni dai sai in duba layin da ke cika.

Abin da ya fi kama ta shi ne wani kiɗa da yarinyar take kaɗawa ita kaɗai a kashi na tara, a wani ɗaki da ba kowa. Yana farawa ƙasa-ƙasa, ya hau a hankali, ya tsaya cak, sa'an nan ya sake farawa daga inda ba ka zata ba. Wannan kashin ta ƙi gogewa. Ta ce in riƙe na goma tukuna.

Ranar wata Talata, da zafin nan na bazara, tana zaune a gindin bedin da ekutar a kunne, ni ina can wajen famfo, sai na ji ihun ƴan mata. Da na iso tana ƙasa, jikinta ya sandare, sa'an nan ya shiga karkarwa, idanunta sun juye, kumfa a gefen bakinta. Aka yi da'ira, ba wanda ya taɓa ta. Ekutar ɗin ya fizge daga salular, sai ga gogen nan yana tashi a fili, kowa yana ji. Wata ta ce, "Goge ta ka saurare." Kafin sirbeyan, mai kula da ɗalibai, ya iso da bokitin ruwa, maganar ta gama makaranta.

Wanda ba ɗan Arewa ba zai ce, to mene ne a ciki? A wurinmu goge ba abin nishaɗi kawai ba ne. Da shi ake kiran iskoki a wasan bori, kowace iska da takenta, wato kiɗan da in ta ji shi take sauka kan wanda take hawa. Ko mu da ke zuwa majami'a mun san wannan, ko masu wa'azin da ke zagin bori a lasifika sun san shi. Ƴan mata sun sha faɗuwa a makarantu kafin wannan, ana cewa doguwa ce, iskar da aka sare wa itatuwa aka gina azuzuwa. Amma ba a taɓa samun wadda ta faɗi da goge a kunne ba.

Kawunta mutum ne mai gajeren wando da dogon gemu, ba mugu ba, yana sayen mata littattafai tun kafin ta tambaya. Ya sa salularta a ƙarƙashin guduma, ya kira malamai suka yi mata ruƙiyya kwana uku. Ya kuma aiko a gaya mini, ta bakin wani ɗan ajinmu, cewa ba ya son ya ga ƙafata a layinsu. Ban ji haushinsa ba. Ni kaina na fara zargin kaina, har na kasa taɓa piyano ranar Lahadin nan, na ce wa mai wa'azinmu yatsana ne ke ciwo.

Bayan mako ɗaya ta dawo aji, ta rame, da tabo a leɓe inda ta ciji kanta. Ƴan bencinta suka matsa can gefe. Da aka tashi, ta tsaya wajen famfo tana wanke hannun da ba abin da ya same shi har mutane suka ragu, sa'an nan ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Ba kiɗinka na ba. Bar damun kanka."

Na ce yaya aka yi ta sani.

"Na taɓa hwaɗuwa. Sau biyu, tun ina ƙarama, wajen kiwo. Ƙanena kaɗai yag gani, shi ko bai da wayo lokacin. Ban hwaɗa ma kowa ba."

Mahaifiyata tana shara da wanke kaya a gidan likita, na kuma sha jin ta tana labarin masu irin wannan ciwon. Farfaɗiya ce, akwai ƙwayoyin da ake sha kullum, mutum ya yi shekara bai faɗi ba. Na fara faɗa mata haka, ina murna kamar na tsinci kuɗi. Ban kai ƙarshen sunan ciwon ba ta ɗaga hannu.

"Kak ka hwaɗi sunan nan. In anka ce iska ta, ana yi mani magani, ana zama da ni. In anka ce wancan na, ba mai ƙara cin tuwo kwano guda da ni. Ƙannena mata ukku, ba mai zuwa neman su. Kuma wace mace za ta bari in taɓa jinjirinta? Ka rantse."

Na ce a addininmu ba a son rantsuwa. Ta ce, "To ka yi mani alkawali irin naku." Na yi mata. Gaskiya ta faɗa, na san wata mata a unguwarmu da ke da ciwon, kofinta daban, tabarmarta daban, yara suna tsallake inda ta tofa yawu.

Kwana goma bayan haka ta sake faɗuwa, a gidan kawun, tana tankaɗen gari, ba salula ba goge. Na ce to, yanzu kowa zai gane. Ba wanda ya gane komai. Kawun ya ce ai aljanin ya riga ya shiga, kiɗan ƙofa kawai ya buɗe masa. Labari ya kai ƙauye, kakarta ta zo da kanta a motar kasuwa. An ce ta tsaya a ƙofar shagon ta gaya wa ɗanta cewa ya yi nasa bai yi ba, yanzu saura nata. Ta tafi da jikarta a ranar. Saura mako shida a yi birbe.

Na yi ta zuwa aji ina kallon gurbinta. Mushen lissafi ya ce zai je ya yi magana da kawun, ya je, ya dawo yana girgiza kai. Darakta ya ce sunanta yana cikin takardar masu jarrabawa, in ta zo ranar za ta zauna, iyakar abin da zai iya ke nan. Ni kuwa ina da maganar da za ta iya kai ta gidan likita, na kuma yi alkawarin ba zan faɗe ta ba.

Ranar wata Juma'a wata mai sayar da daddawa daga ƙauyensu ta zo gidanmu ta yi sallama da mahaifiyata. Kakar ƴar ajin namu ce ta aiko ta. Ana son yaron da ke da kiɗan ya kawo shi, mai gogen garinsu ya saurara, a san ko taken wace iska ce. Na zaci mahaifiyata za ta hana. Amma ita, wadda uwarta ta yi bori har ta mutu, sai ta ce, "Tahi. Amma ka saurara da yawa, ka yi magana kaɗan." Da na ji wannan rabin na biyu, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Na cika batiri, na shiga mota zuwa Tibiri, daga can na hau babur ɗin kabu-kabu muka yi ta nutsewa cikin rairayi. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa. Lissafina mai sauƙi ne: in mai gogen ya tabbatar kiɗan ba na kowace iska ba ne, shi ke nan, an wanke kiɗan, an wanke ni, a sake ta ta koma makaranta. Ban taɓa tambayar kaina abin da tsohuwar take fata ba.

Na isa da hantsi. Aka shimfiɗa mini tabarma a ƙarƙashin rumfar kara, aka kawo fura. Kakar ƴar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido, ta amsa gaisuwata ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar ta san su. Jikar tata kuma tana zaune a bakin ƙofar ɗaki, da zane a ka, an ɗaura mata wani farin zare a wuyan hannu. Ta ce mini sannu da hanya, shi ke nan. A gefenta na hango littafin lissafinta, bangonsa ya yi laushi.

Mai gogen ya zo daga baya, dogo, ido ɗaya ya yi fari, gogensa a cikin jakar fata. Kakar ta sa jikarta ta shiga ɗaki ta toshe kunnuwa. Na ba shi ekutar, ya ƙi, ya ce ba ya sa abin wani a kunnensa. Na buɗe sautin, na ajiye salular a kan tabarma.

Ban taɓa ganin wanda ya saurari abu kamar yadda mutumin nan ya saurara ba. Sau ɗaya kawai ya dubi zanen, bai ƙara ba. Ya sunkuyar da kai, yatsun hannunsa na hagu suna motsi a kan gwiwa. Da ya ƙare ya ce in mayar. Sau huɗu ina mayarwa. Sai ya zaro gogensa, ya shafa wa bakan ƙaro, ya bi kiɗan daga farko. Wallahi ya kama shi, a kan tsirkiya ɗaya, har wurin da yake hawa. A nan ya kakare, ya sake, ya kakare, ya yi ƴar dariya.

"Wagga ɗiya ta iya hannu," in ji shi. "Wa yak koya mata?"

Na ce, Baba, ai zane ne, wani ne can ya kaɗa aka ɗora.

"To shi wa yaka kira da shi?"

Nan fa aka zo wurina, ni gwanin bayani, ɗan ajin ƙarshe. Na gyara zama. Na ce ba ya kiran kowa. Na ce wani Bature ne ya rubuta shi a takarda tun da daɗewa, ya mutu, duk wanda ya iya karatun takardar sai ya kaɗa. Na ce a babban ɗaki ake yin sa, mutane su zauna a kujeru su yi shiru, in an gama su tafa su tafi gida. Ba mai faɗuwa, ba mai hawa, ba a yanka komai. Har na ƙara da cewa a can ƙasashen yara ƙanana ma suna koyonsa a makaranta. Ina magana ina jin daɗin kaina.

Mai gogen ya dube ni da idonsa mai gani, ya daɗe, kamar yana ba ni damar in yi shiru. Sa'an nan ya juya wajen tsohuwar.

"Kin ji. Ni ma abin da nig gani ke nan. Akwai wuri guda da yab biyo kusa da taken doguwar gidanku, har na so in ce ita ta. Amma tunda yaro ya ce ga yadda abin yake, ba ni ɗora ma iska abin da ba nata ba. Wanga ba taken kowa na ba cikin waɗanda muka sani."

Na saki numfashi. Har na fara murmushi, na waiga wajen ƙofar ɗakin. Sai na ga fuskar tsohuwar, murmushin ya tsaya mini a baki.

Ta ce, a hankali, kamar da kanta take magana, da ta gidansu ce da abin ya zo da sauƙi. An san abin da take so, baƙar akuya da zane, a yi mata wasa kwana uku a ba ta haƙuri, yarinya ta tashi ta koma lakkwal, wato makarantarta, kafin jarrabawa. Har ta riga ta yi magana da mai akuyar. "Amma baƙuwa, wadda ba mu san sunanta ba, ba mu san takenta ba, da mi za mu roƙe ta? Can tas same ta, can taka jiran ta. Ba ni maida ɗiyata inda ba ni iya kare ta."

Sai a lokacin na gane abin da na yi. Mutumin nan ya zo da niyyar ya ba tsohuwa sunan da za ta riƙe, ya ma samo inda zai rataya shi, ni na zauna na kwance masa shi zare-zare. Na ce, Baba, ko za a sake saurare, wataƙila wurin nan da ka ce. Ya girgiza kai yana mayar da gogen cikin jaka. Ya ce abin da aka faɗa a gaban mutane an faɗe shi.

Na juya ga kakar na shiga roƙo. Na ce saura wata ɗaya, ta bari ta zauna jarrabawar kawai, kwana uku ne, mahaifiyata za ta riƙe ta a gidanmu, ni zan raka ta in dawo da ita. Na ce duk ajinmu ba wanda ya kai ta. Tsohuwar ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi, da na sami abin da zan yi fushi da shi ni ma. Tsoro ne kawai a fuskarta, irin na wanda yake son abu da gaske.

"Ɗana, na ga kana son ta da alheri," in ji ta. "In tah hwaɗi can cikin jarrabawar, kai ka tada ta? Ku da kunka yi boko, in akwai abin da ka sani game da ciwon ga wanda mu ba mu sani ba, hwaɗa mani yanzu. Ko Yamai na, ni kai ta. In sai da shanun ga biyu in kai ta."

Kuma na san za ta kai ta. Kalma ɗaya ce, tana kan harshena. Da kalmar nan za a je gidan likita, a ba da ƙwayoyi, wataƙila a zauna birbe. Da ita kuma mai daddawa, da mai goge, da matan da suka taru a bakin danga suna saurare, za su kwana sun san abin da ke gidan nan.

Ban san lokacin da ta fito ba. Tana tsaye a bakin ƙofar, bayan kakarta, hannunta ɗaya a kan dogaran ƙofa. Ba ta toshe kunnuwan ba, ta ji komai. Na dube ta ina roƙonta da ido ta sake ni. Ta dube ni sosai, yadda ba ta taɓa yi ba a gindin bedi, sa'an nan ta girgiza kai kaɗan, sau ɗaya.

Tsohuwar tana jira.

Na ce, "Babu, Kaka. Ban san komi ba."